Carbin Malam Yusha'u

Shekara ashirin da biyu Malam Yusha'u ya yi yana roƙon a turo masa likitan da zai zauna. Da Allah ya amsa aka turo, ko wata uku ba a rufa ba ya fara jin zafin ganin mutumin.

Asibitin dabbobi na Kurmin Gawo ɗaki biyu ne da rumfar kwano, can gaba da Rigachikun, inda mutum zai saki kwalta ya kama hanyar burji. A takarda ma'aikata biyar ne a wurin: likita, mataimaka biyu, mai shara da mai gadi. A ƙasa kuwa Malam Yusha'u ne duka biyar ɗin. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke share kashin jemage, shi ke yin allura, in akuya ta tsinke igiya shi ke bin ta da gudu da furfurarsa. Kowace safiya sai ya ɗaure kular magani a bayan babur daga gidansa na Unguwar Dosa, ya ratsa Kawo ya miƙi hanyar Zariya. Asibitin ba wuta, saboda haka allurar rigakafi a firjin matarsa Uwani take kwana, gefe guda da zoɓon sayarwarta.

Shi ba likita ba ne, ya kuma sani. Takardarsa ta mataimaki ce, karatun shekara biyu. Amma je ka gaya wa Fulanin rugagen da ke kewaye da garin ka sha kallo. A wurinsu sunansa Likita, da yawansu ma ba su taɓa jin sunan Yusha'u ba. Likitocin gaske an turo su har huɗu a tsawon shekarun nan, wanda ya fi daɗewa a cikinsu ya yi wata biyar. Akwai wanda ya zo ya tambayi banɗaki, aka nuna masa bayan gari, ya ce bari ya je ya ɗauko kayansa, har yau yana ɗaukowa. Malam Yusha'u bai taɓa ganin laifinsu ba. Wa zai yi karatun shekara shida ya zo ya tare a ɗakin da ko ma'aunin zafi na kirki babu, a kan albashin da ba ya kai mutum tsakiyar wata?

Shi abin da ya riƙe shi ba albashi ba ne. Duk shekara, in damina ta sauka zabi suka fara ƙwai, Ardo Ya'u, babban rugagen, yakan tako da ƙafarsa har asibiti da ƙwarya rufe da faifai. Ƙwan farko ne, wanda ko mutanen gidansa ba ya bari su taɓa. Sai ya ajiye a gaban Malam Yusha'u ya ce, "Na Likita." Kuɗin ƙwan nan ba zai cika tankin babur sau biyu ba. Amma ranar da ya ɗauko ƙwaryar zuwa gida, ta gaban majalisar unguwa yake bi a hankali, don a gani a tambaya.

Ana cikin haka, da kaka, sai ga Dakta Sharhabil. Saurayi ne ɗan Rigasa, siriri, mai gilashi, shekararsa ashirin da takwas. Da ma mara kunya ne da abin ya zo da sauƙi. To ina! Ranar farko ya durƙusa ya gaida Malam Yusha'u, ya kira shi Baba, ya karɓe tsintsiya daga hannunsa. Ba shi da abin hawa, don haka suka shirya: kullum ƙarfe bakwai zai jira a ƙarƙashin gadar Kawo, ya hau bayan babur ya rungumi kular magani. A makon farko Malam Yusha'u murna ya yi ta gaske, har ya sa Uwani ta ƙara tuwo a kwanon rana. A mako na biyu ne idonsa ya faɗa kan takardar ɗaukar Dakta aiki, ya ga matakin da aka ajiye shi da albashin da aka rubuta a gefe. Ya matso da ita kusa da hanci ya sake dubawa. Ninkin nasa ne, har da ɗoriya, ga yaron da yake aji ɗaya na firamare ranar da shi ya fara zura hannu a cikin saniya.

"Ninki biyu, Uwani," ya ce da ya koma gida. "Daga shigowarsa."

"Ya nuna maka kuɗin?"

"Na gani a rubuce."

"Ni ma na ga Makka a kalanda," in ji ta, tana ƙulla zoɓo a leda. "Malam, kai da bakinka ka ce sunansa bai shiga kwamfuta ba tukuna. Ƙyashin albashin da mai shi ma bai gani ba kake yi?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya ƙara yi masa ciwo. Wata ya bi wata, sunan Dakta bai shiga kwamfuta ba. Duk ƙarshen wata sai ya je ma'aikata a ce masa ana kan aiki, ya dawo takalminsa ya ƙara lashewa. Wani abokin karatunsa da ya buɗe asibitin karnukan masu kuɗi a Malali ya kira shi har sau uku, ɗaki mai sanyi da albashi a kan lokaci, Dakta ya ce a'a, shi shanu ya karanta. Malam Yusha'u yana jin wayar daga ɗaya ɗakin. Kowane karo sai ya kasa tantance abin da yake so yaron ya amsa.

Abin da ya ɓata komai wata jar saniya ce da Ardo Ya'u yake ji da ita. Haihuwa ta zo mata da gardama, ɗan ya gicciye. Malam Yusha'u ya naɗe hannun riga ya zura hannu har kafaɗa, ya yi iya yinsa, ya fito yana haki ya ce a kira mahauci tun tana da sauran rai. Haka ake yi, haka ya saba yi, ba wanda ya taɓa musa masa. Sai Dakta ya ce a hankali, "Baba, ko za ka ba ni dama in gwada?" Ya sa aka tafasa ruwa, ya aske gefen cikin saniyar, ya yi mata allura, ya tsaga. Mutanen ruga suka matso suna kallo. Ba a jima ba ya zaro maraƙi jiƙe sharkaf yana atishawa, ya ɗinke uwar kamar mai ɗinkin buhu. Kafin su haɗa kaya ta miƙe tana lasar ɗanta.

"Likita!" in ji Ardo.

Su biyu suka waiwaya. Ardo kuwa mutum ɗaya yake kallo, kuma ba Malam Yusha'u ba ne.

Maraƙin nan Dakta aka sa masa suna. Shekara ashirin da biyu, ko ɗan akuya ba a taɓa sa wa sunan Malam Yusha'u ba. Daga ranar, in Bafulatani ya zo asibiti ya same shi shi kaɗai, sai ya gaishe shi da kyau, ya leƙa ɗaya ɗakin, ya ce, "Malam, Likita bai zo ba?" Malam! Yanzu ya zama Malam, kamar mai sayar da turare a tasha. Kishi ne ya kama shi, ba wani abu ba. Ya fara lura da abubuwan da ba su kai a lura da su ba: yadda Dakta yake gyara gilashi da bayan hannu, yadda yake cewa "Baba ne ya koya min" a gaban mutane. Wannan ma haushi take ba shi. Wa ya roƙe shi yabo?

Duk da haka ya daure, don akwai abin da yake jira. Suna dai iska ce, yau a kira ka da shi gobe a kira wani. Ƙwarya kuwa tasa ce, tun Ardo yana da baƙin gemu.

Damina ta sauka. Wata Talata da hantsi suna zaune a rumfa, sai ga Ardo Ya'u da sandarsa a kafaɗa da ƙwarya rufe da faifai. Malam Yusha'u ya gyara zama, har ya janye ƙafarsa don a sami wurin ajiyewa. Ardo ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi gwiwa. Sannan ya wuce taku biyu ya ajiye ƙwaryar a gaban Dakta Sharhabil.

"Na Likita."

Dakta ya rasa inda zai sa kansa don murna. Bayan Ardo ya tafi ya ɗaga faifai ya ce, "Baba, mu raba. Kai ka ɗauki mai yawa, kana da iyali."

"Ba na cin ƙwan zabi," in ji Malam Yusha'u. "Yana tayar min da basir."

A hanyar komawa Dakta ya rungumi kula da ƙwarya tare a bayan babur. Ba ramin da Malam Yusha'u ya kauce wa daga Kurmin Gawo har Kawo. Ko ɗaya bai fashe ba, ƙwan zabi ne, ɓawonsa kamar dutse.

Mako guda bayan haka lokacin rigakafin harbin daji ya yi. Harbin daji ciwo ne da yake kwance a ƙasa, in ruwa ya sauka ya taso, kuma ba ya zaɓar ramammu. Ƙosassun 'yan maruƙa da karsana yake ɗauka, yau ka ga dabba tana ɗingishi, gobe ka tarar ta kumbura ta mutu. Allura ɗaya a shekara ce maganinsa. Sai dai kafin a yi allurar dole a san yawan shanun, don kwalbar da aka buɗe ba ta komawa firji, ma'aikata kuma tana son adadi.

A nan ne aikin yake da wani sirri da ba a koyar da shi a makaranta. Ba a ƙirga shanun Bafulatani a gabansa. Tsofaffi suna cewa baki ne, garken da aka nuna da yatsa aka faɗi yawansa sai ya ragu. Wasu kuma jangalin da aka karɓa a hannun kakanninsu ne bai bar ransu ba. A zamanin nan ma abin ya wuce haka, don wanda ya san yawan shanunka ya san abin da zai nema ranar da aka ɗauke ɗanka. Malam Yusha'u ya gane wannan tun shekararsa ta farko, ya samo dabararsa. In an taro shanu sai ya tsaya gefe ya zaro carbinsa, leɓe yana motsi, kowace saniya ƙwaya ɗaya. In ya gama ya shafa addu'a ya ce, "Bismillah, a kawo su." Adadin kuma sai ya koma asibiti yake rubutawa, da sunan gari ba da sunan mutum ba.

Dakta bai taɓa ganin wannan ba, don tun zuwansa dabba ɗaya-ɗaya suke dubawa. Wannan ne karonsa na farko da garke.

Da safiyar ranar, Uwani tana jera ƙanƙara a kula, ta ce, "Ka dai gaya masa zancen carbin ko?"

"Likita ne. Ya san komai."

Ta ɗago ta dube shi, ya sunkuya yana ɗaure igiyar da ta riga ta ɗauru.

A kan hanya ma Allah bai bar shi da uzuri ba. Sun wuce Rigachikun kenan Dakta ya matso da baki kusa da kunnensa saboda iska ya ce, "Baba, yau fa gabana faɗuwa yake yi. Akwai abin da ya kamata in sani?"

Maganar tana bakinsa. Kalma nawa ce? Kada ka ƙirga. Amma sai ƙwaryar nan ta faɗo masa a rai, da yadda ya janye ƙafarsa kamar wawa. Ba wani mugun abu yake nufi ba, haka ya gaya wa kansa. Yaron zai fara ƙirga, Ardo zai ɓata rai ya juyo ya ce, Likita, zo ka gyara mana. Shi kuma ya fito da carbi ya gyara. Kowa ya san matsayinsa, shi ke nan.

"Kai ne likita, ranka ya daɗe," ya ce. "Ni ai direba ne."

Dakta ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

Sun tarar an gama tatsa, an taro garken gida uku a fili guda. Dakta ya ga shanu fari fat har gindin kurmi, fuskarsa ta cika da fara'a. Ya ɗale kan wani suri, ya zaro biro ya miƙa hannu.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu..."

Matan da ke daka suka tsaya da taɓare a sama. Wani tsoho ya tofar da yawu ya juya baya. Malam Yusha'u yana gefe, carbi a hannu, don yatsunsa sun riga sun saba, suna ja ko bai sa su ba. Yana kallon ƙeyar Ardo yana jira ta juyo. Hamsin. Tamanin. Ƙeyar ba ta juyo ba. Ya ji wani abu yana ce masa ya isa haka, ɗaga murya, amma wani abin ya ce bari dai ya kai ɗari.

"Ɗari biyu da goma sha huɗu!" in ji Dakta, ya diro daga kan surin. Kafin kowa ya yi motsi ya zaro waya, don an ce musu bana a riƙa aika adadi nan take. "Oga, muna rugar Ardo Ya'u. Ɗari biyu da sha huɗu. E, manya-manya ne wallahi, sun ƙoshi."

Sai a lokacin Malam Yusha'u ya gane abin ya fi ƙarfinsa. Wayar ba ta cikin lissafinsa.

Ardo ya tako a hankali. "Da wa ka yi magana?"

"Ofis ne, Ardo."

"Ofis ɗan wane ne? A ina gidan ubansa yake?"

Dakta ya yi murmushi yana neman bayani, ya waiwayi Malam Yusha'u. Malam Yusha'u ya buɗe baki, amma Ardo ya riga shi. Ya ce yau shanun ba su da lafiyar allura, a dawo jibi. Bai ɗaga murya ba, har rakiya ya yi musu zuwa inda babur yake.

Da suka koma ranar, sai suka tarar da mata da tsofaffi da kashin shanu. An kora garken tun washegari zuwa wata fadama a hayin rafi, inda babur ba ya shiga. Malam Yusha'u ya san fadamar nan sarai. Shekara tara da suka wuce harbin daji ya yi ɓarna a cikinta, shi da kansa ya hana su kiwo a can in ba a yi allura ba. Washegari ya bar Dakta a asibiti, ya naɗe wando ya haye rafin da kula a ka, gwiwarsa tana ƙara. Ya yi rantsuwa, ya yi magiya, ya ce ofis takarda kawai take tarawa. Suka ba shi nono ya sha, suka ce a bari a kwana biyu hankali ya kwanta. Ƙanƙara ta narke a kula ya dawo da ita haka.

Ba a cika mako uku ba aka fara. Karsana biyu ranar Lahadi, uku ranar Litinin. Kafin su yarda a zo da allura, goma sha ɗaya sun tafi, duk ƙosassu, har da jan maraƙin da ake kira Dakta. Da suka aiko, cewa suka yi Malam Yusha'u ya zo shi kaɗai. Ya je ya yi wa sauran allura ya sa aka binne gawarwakin da zurfi. Duk inda ya juya, "Sannu Likita, Allah ya saka, Likita." Sunan ya dawo. Ya yi ta jira ya ji daɗin da ya zaci zai ji, bai zo ba.

A rugagen kuwa magana ta gama gari: mai gilashin nan baki ne da shi, ya ƙirga shanun Ardo sun zube.

Ranar Litinin ta gaba Malam Yusha'u ya tsaya a ƙarƙashin gadar Kawo ƙarfe bakwai. Dakta yana nan, amma babu takalmin roba, babu jaka. Farar shadda ce a jikinsa, mukullin ɗakin magani a hannunsa.

"Baba, na karɓi aikin Malali."

Masu Keke Napep suna ta oda a bayansu. Malam Yusha'u ya kashe babur.

"Ba albashin ne ya kore ni ba," in ji Dakta. "Wata tara ban ga sisi ba, na saba, ko shekara ce zan iya. Amma ranar kasuwa na shiga Kurmin Gawo, wata Bafulatana ta hango ni ta ja ɗanta ta ɓoye a bayan zaninta. Likitan da ake ɓoye wa yara, wa zai kawo masa saniya?"

"Zai wuce, Dakta. Mutane ne, suna mantuwa."

"Ni ne ba zan manta ba. Sha ɗaya fa, Baba." Ya cire gilashi ya goge da bakin riga. "Sai daga baya mai shayi ya gaya min ba a ƙirgawa. Na san abin da ka saba da shi tun ban iya karatu ba, ina za ka tuna akwai wanda bai sani ba? Kada ka sa a ranka. Ranar nan ma ina kan surin na hango ka kana ta jan carbi, na ce Baba addu'a yake yi min. Wallahi har ƙarfin gwiwa na ji."

Ga wuri ya samu na faɗar gaskiya, a sarari, ba mai jin su sai direbobi. Malam Yusha'u ya dubi mukullin da ake miƙo masa. Ya karɓa ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya ɗaure kula da igiya a kujerar baya, kamar yadda yake yi kafin kaka.

Da yamma ya gaya wa Uwani. Ta ɗauko ƙaramin kwano ta zuba masa tuwon gobe, ta mayar da babban cikin kwando.

Kwana goma bayan haka, bayan azahar, yana zaune shi kaɗai a rumfa yana wanke sirinji, sai ga Ardo Ya'u da ƙwarya. Ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Ya ajiye ta a gaban Malam Yusha'u, ya zauna a kan benci ba tare da an ce ya zauna ba.

"Na Likita. Ba na farko ba ne, ka yi haƙuri."

"Na gode, Ardo."

"An ce yaron ya tafi."

"Ya tafi."

Ardo ya jinjina kai, ya daɗe yana kallon ɗakin da aka kulle. "Aradu mun yi asara biyu. Ka san don kai muka ba shi na farkon?"

Malam Yusha'u ya tsaya da sirinji a hannu.

"Zama muka yi a kai, da ni da dattawa. Muka ce mutumin nan ya tsufa a hannunmu, muna ganin yadda kake dafa ƙasa in za ka tashi. Saura shekara ɗaya da wani abu gwamnati ta ce ka huta. Huɗu sun zo sun gudu, wannan kuma an ce ko biyansa ba a yi. In ya tafi wa zai riƙe maka igiya, in ka tafi wa zai riƙe mana? Muka ce to, a kira shi da babban suna, a sa wa maraƙi sunansa, a kai masa ƙwai, ko zai ji daɗi ya zauna. Kai ai namu ne. Wa yake lallashin ɗan gida?"

Ruwan da ke cikin kwanon wankin sirinji ya daina motsi. Malam Yusha'u ya ji kunya ta rufe shi tun daga tafin ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma.

Ardo ya dafa sanda ya miƙe. Har ya kai bakin rumfa sai ya juyo.

"Abu ɗaya ne ya tsaya min, Likita. Carbin nan naka. Tun babana yana da rai mun san abin da kake ja da shi. Ka rufa mana asiri ba ka faɗa ba, mu ma muka rufa maka ba mu tambaya ba. Ranar nan ina tsaye na ba ka baya, ina jira in ji ka kira yaron ka ara masa. Me ya hana?"

Malam Yusha'u ya dubi ƙwaryar. Ardo ya jira kaɗan, sannan ya ce a gaida gida, ya saɓa sandarsa ya kama hanya.

Da la'asar ta yi ya yi alwala da ruwan randa, ya shimfiɗa buzu a rumfa ya yi salla shi kaɗai. Ya sallame ya zaro carbi kamar kullum. Yatsunsa suka ja, suka ja, suka kai sha ɗaya suka tsaya. Ya koma farko ya sake. Nan suka sake tsayawa.